Yadda Ake Shirya Zaman Fahimtar Juna Tsakanin Ɗalibai a Kaduna

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ya san yadda abin yake. Ɗalibi daga Kawo da ɗalibi daga Sabon Tasha za su yi shekaru a aji ɗaya, su ari littafin juna, su yi ta ƙorafi a kan malami ɗaya, amma har su gama babu wanda ya taɓa taka ƙofar gidan wani. Da an tashi lacca, wannan ya nemi motar da za ta haye gada, wancan ya yi arewa. Tun bayan rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau a 2002 mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, galibin Musulmi a arewacinsa, galibin Kirista a kudancinsa. Yawancin ɗaliban yau bayan haka aka haife su. A raben suka taso, kuma labarin ɗaya ɓangaren a bakin nasu suka ji shi.

Makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage da waɗannan matasa ke haɗuwa kullum. Amma haɗuwa kaɗai ba ta gyara komai. Kada a manta, rikicin Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fara, tsakanin ɗalibai, kafin ya kai Zariya da Kaduna da Funtuwa. Saboda haka wannan jagora na mai son ya tara ɗalibai masu bambancin addini ko ƙabila ko asali ne, su yi magana ta gaskiya a ƙarƙashin kulawa, ba tare da an tashi baram-baram ba.

Da farko, a san abin da ake nufi

Ba muhawara ba ce, domin babu alƙali kuma babu wanda zai ci. Ba wa'azi ba ne. Ba kuma irin taron nan ba ne da ake cika babban zaure, a gayyato limami da fasto su yi jawabi, a ɗauki hoto, a raba lemo, kowa ya kama gabansa. Irin wannan taro na da ranarsa, amma ba ya taɓa abin da ke cikin zuciyar ɗalibi. A Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta. Sa hannun manya bai isa ba muddin na ƙasa ba su san juna ba.

Abin da ake nufi shi ne ƙaramin rukuni, mutum 12 zuwa 16, su ɗin dai, suna zama duk mako na kimanin awa biyu, har mako bakwai zuwa takwas, da masu gudanarwa biyu. Jami'ar Michigan ta Amurka ta fara irin wannan shiri a 1988, kuma tsarinta na matakai huɗu ne ya fi yaɗuwa: sabo da juna, binciken inda aka bambanta da inda aka yi tarayya, shiga batutuwa masu zafi, sannan aiki tare. Kafin nan, a 1954, masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya ne idan an cika wasu sharuɗɗa: mutanen su zauna a matsayi ɗaya, su sa buri ɗaya a gaba, su yi aiki da haɗin kai, kuma hukuma ta mara musu baya. Kusan duk abin da ke ƙasa ƙoƙarin cika waɗannan sharuɗɗa ne a yanayin garinmu.

Mataki na ɗaya: tsayar da bambanci guda

Kada ka ce za ka haɗa komai a zama ɗaya. Zaɓi ɗaya: Musulmi da Kirista, ko 'yan kudancin Kaduna da 'yan arewacinta, ko 'ya'yan makiyaya da 'ya'yan manoma, ko maza da mata, ko ma 'yan Izala da 'yan ɗariƙa. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba alhali yana nan daram: ɗan da ake kawowa a mota daga Unguwar Rimi da ɗan da ke lissafin kuɗin Keke Napep daga Rigasa. Sauran bambance-bambancen za su leƙo da kansu a cikin hira, amma ɗaya za a riƙe a matsayin jigo.

Mataki na biyu: nemi abokin gudanarwa daga ɗaya ɓangaren

Wannan ba abin da za a yi sassauci a kansa ba ne. Idan zaman Musulmi da Kirista ne, mai gudanarwa ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, kuma in da hali ɗaya mace ɗaya namiji. Komai adalcinka, rabin ɗakin zai riƙa auna kowace kalmarka da sunanka.

Mu a Kaduna ba sai an je nesa neman misali ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya kai garin Kaduna, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Tun 1995 suke aiki tare, kuma cibiyarsu ta Interfaith Mediation Centre tana nan cikin gari. Abin koyi a wurinsu shi ne babu wanda ya bar addininsa ko ya sassauta shi don a zauna lafiya.

Kafin ku tara kowa, ku biyun ku yi naku zaman. Ku tambayi juna tambayoyin da kuke jin nauyin yi. Wace kalma ce ke tayar maka da hankali? Wa kika rasa a rikici? Idan ku kanku ba za ku iya wannan hira ba, ku dakata tukuna. Ku kuma yi yarjejeniya guda mai muhimmanci: duk wanda ya wuce gona da iri, mai gudanarwa na ɓangarensa ne zai taka masa burki. Tsawa daga naka gyara ce, daga na waje kuwa sai a ɗauke ta cin fuska.

Mataki na uku: izini da zaɓen mahalarta

Ku rubuta takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ku samu malami ɗaya ko biyu da za su tsaya muku. Ku je wurin shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN) da ta ɗalibai Kirista (FCS) da ƙungiyar ɗaliban Katolika ku yi musu bayani baki da baki tun kafin su ji a bakin wani. In ba haka ba, cikin mako guda za ku ji an ce ana musuluntar da yara, ko ana kiristantar da su, a aji kaza. Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017 ma wuri ne da za a iya neman shawara ko horo.

Sai dai sanar da shugabanni daban, cika ɗakin da su daban. A ganina kada su wuce ɗaya ko biyu. Mai muƙami yana magana ne da tunanin abin da mabiyansa za su ce in sun ji, don haka da wuya ya ce "ban sani ba" ko "wannan ya ba ni tsoro". Ku nemi ɗalibai gama-gari, kuma da son ransu, ba don maki ko kuɗin zama ba. Adadi ya zo daidai: bakwai da bakwai, ko takwas da takwas. Mutum uku a tsakiyar goma sha biyu ba tattaunawa suke ba, kare kai suke.

Ku yi ƙoƙari ku samu waɗanda ba su shiga akwatin da aka saba ba: Bahaushe Kirista irin na Wusasa, Musulmi ɗan asalin kudancin Kaduna, wanda mahaifiyarsa ke zuwa coci mahaifinsa ke zuwa masallaci. Zamansu kaɗai yana rusa tunanin cewa gari gida biyu ne. Amma kada a mayar da su abin nuni.

Mataki na huɗu: ƙananan abubuwan da ke rusa shiri

Wuri ya zama aji ne na kowa, ba harabar masallaci ko ta coci ba. A jera kujeru da'ira, babu teburin manya. Lokaci kuwa, a kauce wa Juma'a da rana da Lahadi, a duba ranakun da ɗalibai Kirista ke taron addu'arsu na tsakiyar mako, a bar sarari don sallar La'asar, a kuma tashi da sauran rana domin masu haye gada su isa gida kafin duhu. Kada a fara ana saura mako uku jarrabawa. Abin taɓawa ya zama wanda babu tambaya a kansa, irin su gyaɗa, ƙosai, biskit da ruwa. Da an kawo nama, sai a koma zancen wa ya yanka.

Harshe na buƙatar tunani. Kusan kowa a Kaduna na jin Hausa, amma idan aka ce Hausa zalla, Bahaushe ya samu fifiko, kuma ga wasu hakan ma na cikin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Idan aka ce Turanci zalla, 'yan makarantun kuɗi sun kwashe fage. Mafita ita ce kowa ya yi da wanda zuciyarsa ta fi sakewa da shi, ko da Turancin buroka ne, wani ya fassara in da buƙata. Addu'ar buɗewa kuma, ko dai a yi biyu ana sauya wanda zai fara duk mako, ko a yi shiru na minti ɗaya kowa ya yi tasa a zuci. Na fi son na biyun.

Mataki na biyar: zaman farko da ƙa'idoji

Kada ku zo da ƙa'idoji a rubuce. Ku tambaya: "Me kake buƙata daga mutanen ɗakin nan kafin ka iya faɗin gaskiyarka?" A rubuta amsoshi a allo, a tace su, kowa ya amince da bakinsa. Amma akwai waɗanda in ba su fito ba ku ne za ku kawo su.

Na farko, waya. A kashe, a ajiye a jaka. Babu ɗaukar murya, babu hoto, babu kai zancen zauren WhatsApp. Ku faɗi dalili ƙarara: a Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bayan wani saƙon murya a zauren ajinsu. Magana in ta fita daga ɗakin da aka yi ta, aka yanke mata kai da gindi, babu mai iya dawo da ita.

Na biyu, ba a taɓa abin da wani ke tsarkakewa: Allah, annabawa, littattafai. Ana iya tambayar mutum yadda yake rayuwa da addininsa, ba a tuhumar addinin. Na uku, kowa da bakinsa yake magana: "ni na gani", "ni aka yi wa", ba "ku kullum" ko "mu dai" ba. Na huɗu, a kira kowa da sunan da ya zaɓa. Idan ta ce ita Bajju ce, ko Atyap, ko Ham, ko Adara, ko Gbagyi, haka za a ce, ko da a gida an saba da wani sunan. Kalmomi irin su "arne" da "malo" da "aboki" na raini a bar su a waje, sai ranar da za a zauna musamman a ji yadda suke sukar wanda ake jifa da su.

A faɗi maganar gaisuwa ma tun ranar, cewa akwai waɗanda ba sa musabaha da wanda ba jinsinsu ba, kuma ba ƙyama ba ce. Ƙaramin abu ne, amma na sha ganin yadda hannun da aka miƙa ba a karɓa ba ke ɓata mako guda.

Mataki na shida: labarin kai kafin labarin gari

Zama na biyu da na uku na sabo ne. Kunu mai zafi ta gefe ake fara shansa. A haɗa su biyu-biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Kowa ya samu minti biyar yana magana ba katsewa: wa ya raɗa maka suna, me ya sa? A wace unguwa ka girma, su waye maƙwabtanku? Yaushe ka fara gane cewa akwai "mu" da "su"? Sannan mai sauraro ya maimaita abin da ya ji, mai labari ya gyara masa.

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai fito da abubuwa. Wani zai tuna ranar da aka hana shi cin abincin Kirsimeti da maƙwabta suka aiko. Wata za ta tuna ranar da aka ce ta rufe kanta kafin su shiga wata unguwa, ko ta cire hijabi kafin su shiga wata. Ku bar shiru ya yi aikinsa. Sabon mai gudanarwa yakan tsorata da shiru ya yi maza ya cike shi da nasiha, alhali a lokacin ne mutane ke haɗiye abin da suka ji.

Barkwanci zai shigo, kuma yana da amfani in akwai tsohuwar alaƙar wasa, kamar ta Kanawa da Zazzagawa ko Fulani da Barebari. Inda babu ita, ku lura da fuskar wanda ake yi wa, ba dariyar masu yi ba.

A zama na huɗu sai a raba su, kowane ɓangare da mai gudanarwarsa, na kamar minti talatin. Su tattauna abu biyu: me muke so su fahimta game da mu, kuma me ke damunmu game da namu mutanen? Da an dawo, ɓangare ɗaya ya zauna a da'irar ciki yana hira, ɗayan na kewaye yana sauraro kawai, sannan a yi musanya. Jin mutane suna sukar nasu da bakinsu yana sauke garkuwar mai sauraro fiye da kowace hujja.

Mataki na bakwai: batutuwa masu zafi

Sai a zama na biyar ake zuwa nan, kuma nan ne aikin yake. Kowa ya rubuta tambayar da ya daɗe yana son yi a 'yar takarda ba suna, a zuba a kwali. Ku masu gudanarwa ku tace su a gaba, ku gyara lafazin da zai zama zagi ba tare da kun zare wa tambayar haƙora ba. Za ku ga su: takardar shaidar asali da wa ake kira baƙo, rabon muƙamai da guraben karatu, kashe-kashen ƙauyuka, masu garkuwa da mutane da yadda ake shafa wa kowane Bafulatani baƙin fenti, aure tsakanin addinai, mai gidan da ke tambayar addininka kafin ya ba ka haya. Batu ɗaya a zama ɗaya.

A ce ana maganar unguwanni, sai wata ta ce, "Ai ku kuka kore mu daga Tudun Wada." Wani ya zabura, "Mu? Ku da kuka tare mutane a hanya fa?" A nan mai gudanarwa na ɓangaren saurayin zai ce, "Dakata ɗan'uwa, za a zo kanka, ba za a tashi ba ka faɗi naka ba." Ɗayan kuma ya juya wurinta: "'Yar'uwa, da kika ce an kore ku, gidan wa ke nan? Me aka ba ki labari?" Sai ta ce ita ba a ma haife ta ba, gidan kakanta ne, da rabin kuɗinsa aka sayar, kuma har yau mahaifiyarta in mota ta bi ta layin sai ta kau da kai. Sai a ce wa saurayin, "Faɗa mata abin da ka ji ta ce." Zai so ya sako "amma". A hana shi, har sai ta ce, "E, haka nake nufi." Sannan a ba shi fili, ya ba da labarin kawunsa direba da ya fita da safe bai dawo ba, ita ma ta maimaita masa.

Ka lura ba a yanke hukuncin wa ya fara ba, kuma ba za a yanke ba. Ɗauki Zangon Kataf: kowa ya yarda cewa a Fabrairun 1992 rigimar mayar da kasuwa wani wuri ce ta kunna wutar, ta sake tashi a watan Mayu. Amma abin da ke ƙarƙashin kasuwar, wato ƙasa da sarauta da tarihin dangantaka da masarautar Zazzau, Atyap da Hausawan garin kowa da yadda yake ba da shi. Ɗaliban aji biyu ba za su warware wannan cikin awa biyu ba. Abin da za su iya shi ne kowa ya iya faɗin labarin ɗaya ɓangaren yadda masu shi za su ce bai yi musu ƙari ko ragi ba.

Ku kiyayi tarko biyu. Ɗaya shi ne gasar gawa, kowa na ƙirga nasa matattun don ya nuna an fi zaluntarsa. Da kun ji an fara jefa alƙaluma, ku mayar da zancen kan mutum ɗaya da mai maganar ya sani. Ɗayan kuma ya fi wuyar ganewa don yana da daɗin ji: "Ai duk ɗaya muke, 'yan siyasa ne ke raba mu." Akwai gaskiya a ciki, amma sau da yawa hanyar gudu ce. Ku tambaya, "To in haka ne, me ya sa ba ka taɓa kwana a unguwar ɗaya ɓangaren ba?"

Idan abin ya ɓaci

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wani zai yi kuka, wani zai fice. Wanda ya fice, mai gudanarwa ɗaya ya bi shi, ɗaya ya zauna da sauran ya tambaye su me suka ji ya faru. Idan an karya ƙa'idar abubuwan tsarki, a tsayar da zancen nan take, a nuna allon ƙa'idoji, a ba wanda ya yi damar janye maganarsa a gaban kowa, sannan ku sanar da malamin da ke tsaya muku a ranar, kada ya ji daga waje. Wanda labari ya tono masa tsohon ciwo har ya kasa barci, ku haɗa shi da ofishin ba da shawara na makaranta ko asibiti. Ku ba likitoci ba ne.

In kuwa gari ya rikice ana tsakiyar shiri, ko an sa dokar hana fita, a ɗage zama. Amma ku buga wa kowa waya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka dawo, a ajiye batun da aka tsara, a fara da tambayar ina kowa yake lokacin da abin ya faru.

Mataki na takwas: aiki tare

Zama biyu na ƙarshe na shirya wani abu ne da za su yi da hannunsu, ƙarami wanda zai yiwu da kuɗin aljihun ɗalibi. Darasin share fagen jarrabawa ga 'yan aji ɗaya, ba da jini a asibiti, gyaran famfon ɗakin kwana, ko ziyarar juna biyu-biyu da rana, da sanin iyaye, ɗan Kawo ya ci abinci a Sabo, ɗan Sabo ya ci a Kawo. A rubuta wa zai yi me, kuma yaushe.

Don ku san ko an samu wani abu, ku ba su tambayoyi uku ko huɗu a rubuce a zaman farko, ku maimaita su a na ƙarshe, ba suna: mutum nawa daga ɗaya ɓangaren kake da lambarsu? In ka ji jita-jita a kansu, wa za ka kira ka tabbatar? Wace unguwa ce ba za ka shiga ba? Bayan wata uku ku sake tara su ku yi tambayoyin karo na uku, domin amsar ranar rabuwa takan zo da zumuɗi. Daga cikinsu kuma ku ware biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, waɗanda kuka ga sun fi iya sauraro ba waɗanda suka fi iya magana ba, su zauna kusa da ku a rukuni na gaba suna koyon gudanarwa kafin ku gama makaranta.